A Yi Wa Hawan Ƙaho Shinge

Ran jajiberen Salla na bi yayana kallon hawan ƙaho a Funtuwa. Masu kalangu suka zuga wani saurayin mahauci, ya rungumi ƙahon bajimi. Can sai igiyar ƙafa ta kuɓuce. San ya yo kanmu, ya banke wata 'yar talla, ta karye a hannu.

Wasu sun ce a hana wasan. Ni ban yarda ba, gadon Rundawa ne. A Amirka ma ana hawan sa, daƙiƙa 8 mahayi ke nema, amma 'yan kallo suna bayan shinge. Mu kuwa fili ne fetal, yara a gaba.

Ina roƙon Sarakunan Pawa na Funtuwa da Malumfashi, a kafa shingen itace kafin a taɓa kalangu.