Ja Da Baya Ga Rago Ba Tsoro Ba Ne

Sau da yawa idan aka ce wa mutum ya koma ƙasa ya sake koyon abin da yake zaton ya iya, sai ya ɗauka an wulaƙanta shi. Ni dai a ganina wannan babban kuskure ne, kuma zan kawo hujjata daga wani wasa na Amurka.

Su Amurkawa suna da wata irin ƙwallo wadda ba irin tamu ba. Siffarta kamar ƙwai, kuma da hannu aka fi yin wasan. Kowane gefe mutum 11 ne, tsakanin gida da gida kuwa yadi 100. Wanda duk ya shiga gidan abokan hamayya riƙe da ƙwallon, ƙungiyarsa ta sami maki 6. A cikin 'yan wasan akwai wanda aikinsa shi ne ya sheƙa gaba da gudu, a wurgo masa ƙwallon daga nesa ya cafe. Shi ne mai cafka.

Babbar gasar wannan wasa ita ce NFL, kuma samun wuri a cikinta ba ƙaramin aiki ba ne. Saurayi yakan shiga ƙungiya amma ya ƙare shekara yana zaune a benci yana kallo. Saboda haka ƙungiyoyin suka riƙa aika irin waɗannan samari ƙetaren teku, zuwa wata ƙaramar gasa da aka fara a 1991, wadda a 1998 aka sa mata suna NFL Europe. A wancan lokacin, kowace ƙungiya a can tana yin wasa 10 a shekara.

To, ga misalin Dante Hall. Ƙungiyar Kansas City Chiefs ta ɗauke shi a 2000, sai a zagaye na biyar na zaɓen sababbin 'yan wasa. Gajere ne, kuma a jami'a ba cafka ce aikinsa ba, miƙa masa ƙwallon ake yi a hannu ya ruga da ita. A 2001 aka tura shi ƙasar Sikotlan, wurin ƙungiyar Scottish Claymores, don ya koyi cafka. Bai ce an raina shi ba, ya tafi. Da ya dawo sai ya shahara wajen cafe ƙwallon da abokan hamayya suka doko da ƙafa, ya ratsa su da ita. A 2003 sai da ya yi wasa huɗu a jere yana kai irin wannan ƙwallo har gida. An sa shi cikin gwanayen gasar a 2002 da 2003.

Ba shi kaɗai ba ne. Marcus Robinson na ƙungiyar Chicago Bears ya tafi Jamus a 1998, ya yi wa Rhein Fire wasa a birnin Dusseldorf, suka ci kofin shekarar. A 1999, bayan ya koma gida, ya cafe ƙwallo 84, ya ci wa ƙungiyarsa tazarar yadi 1,400.

Wani zai ce, ai mutum biyu kawai ka ambata, ina sauran? Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Yawancin waɗanda suka tafi ba su yi suna ba. Albashin can kaɗan ne, ga kewar gida, ga tsoron rauni wanda zai iya kashe sana'ar mutum a rana ɗaya. Ita kanta gasar an rufe ta a 2007 saboda asarar kuɗi. Amma sai mu tambayi kanmu, da Hall ya ƙi tafiya, me zai samu? Cafka ba a koyonta da ido. Sai hannu ya saba da ƙwallon, ƙafa ta saba da kauce wa mai tarewa, kuma wannan ba ya samuwa a kan benci. Tafiyar ba ta yi wa kowa alkawarin nasara ba, dama kawai ta bayar, zaman kuwa ko damar babu.

Don haka, 'yan'uwana, idan malami ya ce ɗayanmu ya maimaita aji, ko aka sauko da shi daga rukunin farko na 'yan wasan makaranta zuwa na biyu, kada ya yi zuciya ya bari. Ku kuma iyayenmu, muna roƙonku kada ku yi wa irin wannan yaro gori a gaban ƙannensa. Ku tambaye shi abin da ya koya a inda aka mai da shi, ku ƙarfafa masa gwiwa. Hausawa sun ce ja da baya ga rago ba tsoro ba ne, shirin karo yake yi.