RA'AYI: Jim Gray da ma'aunin da jami'o'inmu ke auna bincike da shi

Duk wanda ya tura kuɗi ta waya a farkon 2023, lokacin da sauya fasalin naira ya haddasa ƙarancin takardun kuɗi, ya san wannan azaba: alat ya shigo cewa an cire kuɗi, mai shago kuma ya rantse bai ga komai ba. Kuɗin sun bar asusu ɗaya, ba su isa ɗayan ba, sai a ce wa mutum ya jira kwanaki. Jama'a kan ɗora laifin a kan "sabis". Amma matsalar ta girmi wayar hannu, kuma akwai masanin da ya ƙarar da rayuwarsa a kanta, Ba'amurke Jim Gray. Tarihin bincikensa ya cancanci nazari daga hukumomin jami'o'in Najeriya, musamman kwamitocin ƙarin girma.

An haifi Gray a San Faransisko a 1944, ya kammala digirin digirgir a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1969. Ya yi aiki a IBM, da Tandem, da DEC, sannan Microsoft daga 1995. Tambayar da ta fi ɗaukar hankalinsa mai sauƙin faɗa ce: idan bayanai na ajiye a kwamfutoci da yawa, a wurare daban-daban, kuma kowace na iya mutuwa ba sallama, ta yaya za a tabbatar cewa hada-hada ɗaya ta kammalu gaba ɗaya, ko kuma a soke ta gaba ɗaya kamar ba a taɓa fara ta ba?

Amsar da ya bayyana dalla-dalla a rubutunsa na 1978 ta yi kama da ɗaurin aure. Liman ba ya shafa Fatiha sai ya tambayi waliyyin amarya ko ya bayar, ya tambayi wakilin ango ko ya karɓa. Idan ɗaya ya noƙe, babu aure, kowa ya koma yadda yake. Haka kwamfutar da ke jagoranci ke fara tambayar sauran ko sun shirya, kowace ta rubuta alkawarinta a inda ɗaukewar wuta ba za ta goge shi ba, sai a zagaye na biyu a ba da umarnin zartarwa. Tsarin na da rauni, kuma Gray bai ɓoye shi ba. Idan liman ya yanke jiki ya faɗi bayan kowa ya amsa amma kafin ya furta hukunci, taro ya tsaya cik: ba a ɗaura ba, ba a kuma fasa ba. Shekaru da yawa bayan haka Gray ya koma kan wannan giɓi tare da Leslie Lamport, suka wallafa hanyar toshe shi a 2006 ta yadda hukunci ba zai rataya a wuyan kwamfuta ɗaya ba.

Abin da ya fi dacewa da muhawarar gida shi ne irin takardun da suka ɗaukaka shi. A 1985 ya rubuta rahoton cikin gida na kamfanin Tandem kan dalilin da ya sa kwamfuta ke tsayawa. Ba lissafi mai rikitarwa ya yi ba. Rahotannin lalacewar na'urorin abokan ciniki ya tattara, ya ƙirga. Ya gano cewa kashi 42 cikin 100 na matsalolin daga masu kula da na'urorin ne, kashi 25 daga manhaja, ƙarfen kansa kuwa kashi 18 kacal. Wannan ya karkatar da tunanin injiniyoyi daga zargin na'ura zuwa duba ɗan Adam da abin da ya rubuta.

A wannan shekarar dai, mujallar Datamation ta buga wata maƙala da ta shimfiɗa ma'aunin gwada saurin rumbunan bayanai ta hanyar kwaikwayon cire kuɗi da ajiya a banki. Gray ne ya jagoranci rubuta ta tare da ɗimbin masana daga kamfanoni masu gogayya da juna, aka fitar da ita ba tare da sunan kowa ba. Daga nan aka samu tushen majalisar TPC da aka kafa a 1988, wadda ta rage wa kamfanoni damar cika baki kan kayansu. A 1998 aka ba shi lambar yabo ta Turing, mafi daraja a fagen kimiyyar kwamfuta.

To, a ɗauka malamin jami'a ne a Zariya ko Nsukka ya gabatar da waɗannan biyun yana neman zama farfesa. Ɗaya rahoton kamfani ne, ɗaya maƙala ce a mujallar 'yan kasuwa, babu ma sunansa a kai. Da wuya su samo masa makin kirki a takardar tantancewa. Tsarin da ake bi ya fi karkata ga ƙirga: takardu nawa, a mujallu nawa, suna na nawa a jerin marubuta. Sakamakon a bayyane yake. Ana yanka bincike ɗaya gida uku, ana saka sunan aboki don shi ma ya saka naka gobe, ana biyan mujallun da ke buga duk abin da aka aiko musu muddin kuɗi sun shiga. Tarin takardu na hauhawa, amma da wuya a nuna guda da wani banki ko asibiti ya taɓa amfani da ita.

Masu kare tsarin na da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Ƙirga, in ji su, ita ce katangar da ke hana son kai: idan aka bar wa kwamiti ya auna "tasiri", wanda ke da uwa a gindin murhu ne zai ci. Sun kuma ce Gray ya yi aiki ne a kamfanonin da ke da na'urori da bayanai, ba a ofishin da ake jiran wutar lantarki ba. Duka gaskiya ne. Sai dai maganin son kai shi ne a aika wa masu tantancewa na waje ayyuka uku ko huɗu mafiya inganci su karanta da idon basira, ba a miƙa musu jerin sunayen takardu hamsin ba.

Batun rashin kayan aiki kuwa, rahoton 1985 ya nuna cewa babban jarin irin wannan bincike shi ne bayanan gazawa, kuma Najeriya na da su jibge. Kowace hada-hadar da ta maƙale tsakanin bankuna, kowace na'urar POS da ta cire kuɗi ta ce ba ta cire ba, tana barin sawu a rumbun NIBSS da na bankunan kasuwanci. Babban Bankin Najeriya na da ikon sa a cire sunaye da lambobin asusu, a buɗe waɗannan bayanai ga sassan kimiyyar kwamfuta na jami'o'i. Tambayar yadda hada-hada za ta tsira a inda layin sadarwa ke yankewa sau da yawa a yini tambaya ce ta ilimi mai nauyi, kuma mutanen da ke Kalifoniya ba su da dalilin damuwa da ita kamar na Kano.

Gray bai ga zamanin tura kuɗi ta waya a Najeriya ba. Ranar 28 ga Janairun 2007 ya fita shi kaɗai a jirgin ruwansa zuwa tsibiran Farallon, kusa da San Faransisko, domin watsa tokar gawar mahaifiyarsa, bai dawo ba. Dubban masu sa kai sun duba hotunan tauraron ɗan Adam ta intanet suna neman jirgin, ba a ga ko ɓallinsa ba. Kotu ta ayyana rasuwarsa a 2012.