WASIƘA DAGA ALKALAWA: ƘAFA KE GUDU, HANYA KE KAI MUTUM

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka sake ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, in gana da 'yan'uwana malamai da akawuna masu karatun wannan jarida. Yau maganar tafiya na zo da ita, wani yaro ne kuwa ya jawo ta.

Ran nan da la'asar ina zaune ƙofar gida a Sabon Birni, sai ga ɗan ƙanena, saurayi mai ji da ƙarfi, ya durƙusa ya miƙo mini wayarsa. Ya ce, "Baba, dubi wannan Bature. Da gudu ya ratsa Afirka tun daga kudu har arewa. Ni ma na ɗaura niyya in tashi daga kufan Alkalawa da gudu har Hubbaren Shehu a Sakkwato, don duniya ta san har yanzu Gobir tana da maza." Na dube shi, na ce ya ba ni kwana bakwai in yi tunani. To, amsar ke nan na rubuto maka, gama na san ba shi kaɗai ke da irin wannan buri ba.

Da farko ya kamata mu san abin da a ke magana a kansa. Gudun nan da a ke kira ya-da-ƙanin-wani tsawonsa kilomita 42 ne da 'yan kai. Wanda ya yi shi sau ɗaya ya kan kwana biyu yana ɗingishi. Masu ratsa ƙasa kuwa kullum su ke yin kamarsa, yau da gobe da jibi, wata da watanni. Saboda haka gudun nasu ba irin na tsere ba ne, sassarfa ce, irin wadda manzannin sarakuna ke yi a zamanin da.

Baturen da yaron ya nuna mini sunansa Mista Russell Cook, mutumin Ingila. Ya tashi daga ƙarshen Afirka ta Kudu ran 22 ga Afrilu, 2023, ya isa bakin bahar a Tunisiya ran 7 ga Afrilu, 2024. Kwana 352 ke nan, ƙasashe 16, tafiyar fiye da kilomita 16,000. Da ya tashi kwana 240 ya ƙiyasta, amma hanya ta ƙara masa fiye da ɗari. A Angola 'yan fashi suka tare su da bindiga, suka kwashe kuɗi da wayoyi da fasfo. Ya yi ciwon ciki, ya yi fitsarin jini. A nan Nijeriya ciwon baya ya tsai da shi har ya nemi likita. Da ya kusa Aljeriya kuma sai takardar izinin shiga ta gagara, har ya yi ta roƙo ta intanet kafin a ba shi. Ku duba, jama'a: a cikin waɗannan masifu, nawa ne na ƙafa? Galibinsu na hanya ne da mutanen hanya. Kuma ba shi kaɗai ya ke tafe ba, akwai abokansa a mota suna ɗauke da ruwa da abinci da wurin kwana.

Kafin shi, daga Nuwamba 2006 zuwa Fabrairu 2007, waɗansu mutum uku, Ba'amurke da ɗan Kanada da mutumin Taiwan, sun ratsa Hamada da gudu. Sun tashi daga Sanagal, suka bi ta Muritaniya da Mali da Nijar da Libiya, suka ƙare a bakin Bahar Maliya a Masar, kwana 111. Ta Agadas suka wuce, nan arewa da mu. Kusan ya-da-ƙanin-wani biyu su ke yi kowace rana. Su kan tashi tun da duhu, su yi ta sassarfa har rana ta take, su fake su ci abinci, in ta yi sanyi su koma har dare. Amma ko waɗannan jarumawa, da ba su sami Buzaye 'yan ƙasa masu sanin rijiya da tudun rairayi sun ja musu gaba ba, da ba mu ji labarinsu ba. Da ɗan gari a kan ci gari.

Kada kuwa a ce abin na Turawa ne kaɗai. A cikin Afrilu 2015 wani Bakatsine, Malam Sulaiman Hashimu, ya cika alkawarin da ya ɗauka game da zaɓen shekarar, ya tako da ƙafa daga Ikko har Abuja cikin kwana 18. Shi tattaki ya yi, ba gudu ba, amma ni a ganina darasinsa ya fi kusa da mu, don ba shi da ayarin motoci irin na Turawan nan. Ya keta ƙasar Yarbawa, ya ƙetare Kwara, inda dare ya riske shi nan ya ke neman masauki, gari ne ko ruga. Mutanen da ba su san uwarsa ba, ba su san ubansa ba, su suka ba shi ruwa da tabarma. Ƙafafunsa sun yi aiki, ba a musu, amma ƙofofin da aka buɗe masa su suka kai shi Abuja.

Ni ma da ke wannan rubutu na ɗan taɓa. Ina saurayi, tun ba a gina madatsar ruwa ta Goronyo ba, muka yi gardama da abokaina a kan wanda zai riga isa Sakkwato da ƙafa. Mu uku muka tashi da asuba, muka bi Gulbin Rima. Ni da na ke jin kaina ɗan makaranta, sai na sa sabon takalmi sau-ciki, na ɗauki 'yar gorata, na ruga na bar su. Kafin azahar ruwa ya ƙare. Kafin la'asar diddigena duka biyu sun yi bororo, bororon ya fashe, safa ta manne da nama. Cinyoyina suka saluɓe saboda gugar wando. Harshe ya bushe kamar ƙirgi, idanu suna ganin dishi-dishi, ga ƙafa tana ɗaurewa. A haka na ja jiki na faɗi gindin wata tsamiya a bakin wani ƙauye.

Wata tsohuwa mai tallar fura ita ta gan ni. Ba ta tambaye ni ko ni ɗan wane ne ba. Ta ce, "Ɗan nan, wa ya koro ka?" Na ce, "Inna, ba kowa, gardama ce." Ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce, "To, gardama ta kā da kai." Ta hana ni kwankwaɗar ruwa, sai kurɓi kurɓi. Ta dama mini fura. Ta sa jikanta ya kawo ruwan ɗumi da gishiri aka jiƙa ƙafar har safar ta saki, ta shafe ta da man kaɗe. Aka kai ni zauren mai gari na kwana. Da na ciro sule zan ba ta, sai ta ɓata rai, ta ce ita ma tana da ɗa a wata uwa duniya, wani ke ba shi ruwa. Abokan nan nawa da na bari a baya, masu takalmin fatake, da magariba suka iske ni, lafiyarsu lau. Ranar na gane abin da a ke nufi da sauri ya haifi nawa.

A zauren nan na tarad da wani tsohon farke wanda ya sha zuwa Gwanja saro goro. Shi ya karanta mini ilmin hanya, ga shi kuwa yau na ga masu gudun Turai da likitocinsu a kansa su ke. Ya ce kada a yi doguwar tafiya da sabon takalmi. A tashi da sanyin asuba, a sauka kafin rana ta yi tsaka. A sha ruwa tun ƙishirwa ba ta kama ba, kaɗan kaɗan. A riƙa lasar gishiri, gama gumi ba ruwa kaɗai ya ke fitarwa ba. A ci abinci ko rai ba ya so, don ranar da ciki ya ƙi karɓa ranar tafiya ta ƙare. A duba ƙafa kowane dare kamar yadda mai doki ke duba kofato. Sa'an nan ya ce rana ta fari ta ƙarfi ce, ta biyu ta ciwo, ta uku kuwa ta zuciya, a nan ne mutum zai fara jin wata murya tana ce masa, wa ya aike ka? Mun isa Sakkwato ta Goronyo da Wurno, ni ne na ƙarshe, ina dogara sanda.

Kakanninmu sun san wannan sarai, shi ya sa ba su bar tafiya ga ƙarfin ƙafa kaɗai ba. Ayari yana da madugu, yana da jagaba mai wucewa gaba ya nemi masauki. Kowane gari yana da zango, har yau kuwa unguwar Hausawa a Kumasi Zango a ke ce mata. Sarki ya kan karɓi kuɗin fito, amma a kansa ya ke ya tsare hanya, in an yi wa baƙo fashi a ƙasarsa abin kunya ne a gare shi. Alkalawan nan da Sarkin Gobir Babari ya kafa cikin ƙarni na 18, a gonakin alkalin Zamfara, ba ganuwa kaɗai ta ɗaukaka ta ba, har da hanyoyin da ke shigowa cikinta daga Azbin da Katsina da Kabi. Tun da aka ci ta a 1808 ta zama kufai. Wanda ya je ya tsaya a wurin yau zai ga yadda gari ke komawa in ƙafa ta ɗauke daga gare shi.

To, Edita, a nan ne alƙalamina ya yi nauyi. Hanyar nan da na bi ina yaro, ba ni da makami sai gora, yau wa zai aiki ɗansa ya bi ta shi kaɗai? A cikin Disamba 2021 'yan bindiga suka tare motar fasinja da ta taso daga Sabon Birni, suka cinna mata wuta da mutane a ciki, fiye da 20 suka rasu. A cikin Yuli 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanyarsa ta komowa daga Sakkwato, a watan Agusta kuma aka ji rasuwarsa a hannunsu. Allah ya ji ƙansu. In sarki a cikin mota bai tsira ba, ina ga yaro mai gajeren wando?

Kada kuma a ce ba a gudun nesa a ƙasar Gobir. Ana yi, sai dai ba mai ɗaukar hotonsa. Tun daga 2019 dubban mutanen Sabon Birni da Isa sun ƙetara iyaka zuwa jihar Maraɗi. Mace da goyo a baya, da wani a hannu, ta kwana tana sassarfa cikin ƙaya, ba takalmin gudu, ba mota a bayanta, ba mai jiranta da tuta. Mista Cook ya tara fiye da fam miliyan ɗaya na sadaka da gudunsa, madalla da shi. Ita kuwa ladanta shi ne ta wayi gari da 'ya'yanta a raye. Su wa suka karɓe su? Talakawan ƙauyukan Gidan Rumji da makwabtansu, jikokin irin tsohuwar nan mai fura, waɗanda su kansu rumbunsu bai cika ba.

Abin lura kuma, ko shi Mista Cook da ya iso Nijeriya, hanyar da ta miƙe zuwa Aljeriya ita ce ta Kano da Agadas, tsohuwar hanyar ayari. Bai bi ta ba. Ya zaga ta gaɓar teku, ta Gana da Gini da Sanagal. A lokacin iyakarmu da Nijar tana rufe tun juyin mulkin Yuli 2023, ba a buɗe ta ba sai Maris 2024. Hanyar da mutum uku suka keta lafiya a 2006, da wuya wani ya yi kasadar binta yanzu. Ashe ba mu kaɗai muka yi hasara ba.

Saboda haka ga amsata ga ɗan ƙanena da ire-irensa. Ban hana ka gudu ba, ɗana. Ka tashi da asuba ka zaga filin makaranta, ka ƙara kaɗan kowane mako, ka koyi shan ruwa da kiwon ƙafa, ka tara abokai, gama tafiya sannu sannu kwana nesa. Amma hanyar Sakkwato ka dakata mata tukuna. Jaruntaka daban, ganganci daban, uwarka kuwa ba ta haife ka don a yi cinikin kanka a daji ba.

Ga Hukuma da sarakunanmu kuma ina roƙo cikin ladabi. In ana so a san ko lafiya ta komo ƙasar nan, ba sai an tara mu an karanta mana takarda ba. Ma'auni mai sauƙi ne. Ranar da saurayi zai tashi daga kufan Alkalawa da 'yar gorarsa, ya kwana Goronyo, ya kwana Wurno, ya yi sallar Juma'a a Sakkwato, uwarsa kuwa ta yi barci a daren nan, to, ran nan mun yarda. Ku kuma malaman makaranta, ku riƙa gaya wa yara hakkin baƙo da matafiyi, don kada tsoron da ya shige mu ya sa su tashi suna rufe wa mai ƙishirwa ƙofa. In wannan ɗabi'a ta mutu, ko an kori ɓarayi hanya ba ta farfaɗo ba.

In Allah ya nuna mini ranar, na yi alkawari ni zan riga yaron zuwa gindin tsamiyar nan, in tana nan, in jira shi da ƙwaryar fura. Akwai bashin da na ke so in biya a wurin.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin. Haza wasalam.

Ni ne naka,
Tsohon Malami, Sabon Birnin Gobir.