Sunanka ba na sayarwa ba ne

Na san ka wuni aiki ka gaji. Amma ka zauna ka karanta wannan a hankali. In ka gama, ka karanta wa maƙwabcinka wanda bai iya ba tukuna.

Watan jiya wani saurayi ɗan garinmu, mai karatu Yamai, ya zo ganin gida. Da marece ya iske mu runfar yaƙi da jahilci nan Kiyeshe. Ya ga littafin da nake kiran suna, mai ɗauke da sunayen ɗalibaina da shekarunsu da unguwarsu. Bai tambayi kowa ba, sai ya ɗauki hotonsa da salula. Ya ce wa salular: "Ware mini matan da ba su kai shekara 30 ba, unguwa unguwa." Kafin in aje alli ta ware su. Jama'a suka yi ta tafi. Saurayin ya ce: "Malam, ran da siyasa ta dawo, wanda ya iya wannan shi ke da zaɓe. Ba sai an sha rana yawon ƙauyuka ba."

Wata dattijuwa da ke zaune baya ba ta tafa ba. Bara ta koyi rubuta sunanta. Ta ce: "Yaro, wa ya ba ka izinin ɗaukar sunana?" Ya rasa amsa. Na sa ya shafe hoton gabanmu. Tambayar inna ce ta sa na ɗauki alƙalami yau.

Abin da ke cikin salular yaron ana ce da shi na'ura mai hira. Wadda ta fi suna ita ce ChatGPT, ta fito ƙarshen shekarar 2022 a Amurka. Akwai wasu irinta da yawa. Ka yi mata tambaya kamar yadda kake yi wa mutum, ta amsa maka. Ba aljani ba ce, ba ta kuma san gaibu ba. Tana kama da injin niƙa na kasuwa. Abin da aka zuba mata shi take niƙawa. Ba ta san ko hatsin na gonarka ne ko na sata ba, sai abin da mai shi ya faɗa mata. Wani lokaci kuma takan yi kure, ta faɗi abin da babu shi.

To, wane hatsi ɗan siyasa zai zuba mata? Kai ne hatsin.

Ka tuna tsakanin 2019 da 2020, lokacin da ma'aikatan hukumar zaɓe CENI suka zo da na'urori. An ɗauki hotonka, an ɗauki zanen yatsunka, an rubuta sunanka da shekarunka da garinku. Mutum fiye da miliyan 7 aka rubuta a Nijar. Da wannan rajista muka yi zaɓen ƙananan hukumomi ran 13 ga Disamba 2020, da na shugaban ƙasa da ƴan majalisa ran 27 ga Disamba, da zagaye na biyu ran 21 ga Fabrairu 2021. An yi rajistar don kada mutum guda ya yi zaɓe sau biyu, kada kuma matacce ya jefa ƙuri'a. Wannan aiki ne mai kyau.

Rajistar ba ta faɗin wanda ka zaɓa. Amma ana ƙidaya ƙuri'u a fili, runfa runfa. Saboda haka an san inda kowane gari ya karkata. Abin da ya rage ga mai neman kujera shi ne ya san cikin gidanka. Lambar wayarka nawa? Rumbunka ya kai ka damina, ko ya ƙare tun rani? Ɗanka yana ci-rani Legas ko Kwatano? Matarka tana cikin wane adashi? Wa ke binka bashi?

Waɗannan ba ya samunsu sai daga hannunmu. Mu ne muke ba da su. Baƙo ya sauko daga mota da littafi ya ce za a kawo taki, sai mu yi layi. Wani ya ce a kawo katin zaɓe za a ba mata turmin zane da sabulu, sai a tara masa cikin kwano. Ba mu tambayar ko shi wane ne, ba mu tambayar inda littafin za ya. Akuyarka ba ka ba baƙo ita ya tafi da ita kiwo. Me ya sa kake ba shi sunanka da na iyalinka duka?

Da, ko an tara littattafan nan, sai magatakarda goma su yi watanni ba su gama haɗa su ba. Yau aikin shan shayi guda ne. Mai kuɗi yana zaune Yamai cikin sanyi, ya zuba su duka cikin na'ura, ya ce: "Kasa mini mutanen Kiyeshe da Matankari da Tibiri kashi uku." Kashi na farko nasa ne, ba ya wahala kansu, tun da ko ya zo ko bai zo ba za su zaɓe shi. Kashi na biyu na abokin hamayya ne. Waɗannan ba ya neman su, sai dai ya aika musu abin da zai kashe musu jiki su zauna gida ran zaɓe. Kashi na uku su ne masu yunwa da masu bashi. Su za a kai wa tiyar shinkafa da jika biyu daren jajibiri.

Duba da kyau. Cikin kashi ukun nan, wa aka tambaya ciwon da ke damunsa? Babu ko ɗaya.

Abin bai tsaya nan ba. Na'urar tana iya rubuta wa kowa saƙonsa daban. Manomi ya ji ta wayarsa cewa za a hana dabbobi kusantar gonaki. Makiyayi ya ji ta tasa cewa za a faɗaɗa burtali. Mutum guda ne ya aika duka biyun. Lokacin da ɗan takara yake tsayawa ƙofar maigari ya yi magana, manomi da makiyayi suna nan tare. In ya yi baki biyu a take ake kama shi. Alkawarin da aka yi gaban jama'a yana da shaidu. Wanda aka raɗa maka cikin waya, wa zai tsaya maka kansa?

Kada ka ce tatsuniya nake yi. A 2018 asirin wani kamfani na Ingila, Cambridge Analytica, ya tonu. Ya samu bayanan mutane har kimanin miliyan 87 daga Facebook, galibinsu ba da saninsu ba, don aikin siyasa. Kamfanin ya rufe cikin shekarar nan. A 2019 hukumar Amurka ta ci Facebook tarar dala miliyan dubu 5, dalar Amurka fa, ba tamu ta tamma biyar ba. Kamfanin nan ya taɓa maƙwabtanmu. Gab da zaɓen Najeriya na 2015, wani attajiri ya ɗauke shi haya don ya taimaki shugaban lokacin, Goodluck Jonathan. Aka watsa majigi mai ban tsoro don a firgita mutane da Muhammadu Buhari. A ƙasar Kenya kuma, cikin 2021, mutane da yawa suka duba suka iske an rubuta su cikin jam'iyyun da ba su taɓa shiga ba. A Amurka, Janairun 2024, dubban mutane suka ɗauki waya suka ji muryar shugaba Joe Biden yana cewa kada su fita zaɓe. Ba shi ba ne, na'ura ce ta kwaikwayi muryarsa. In an yi wa shugaban Amurka haka, muryar limaminku ko ta maigarinku za ta gagara?

Na san wani zai ce: "Malam, ai babu zaɓe yanzu." Gaskiya ne. Sojoji sun karɓi mulki ran 26 ga Yuli 2023, aka kuma rushe jam'iyyu cikin Maris 2025. Amma littafin da ka sa suna bara bai ruɓe ba, yana nan hannun wani. Kuma da rani ake gyaran ɗaki, ba ran da hadari ya taso ba.

Wani kuma zai ce ni maƙiyin ci gaba ne. Ko kaɗan. Ni ma nakan tambayi na'urar in ina shirya darasin lissafi. Wanda nake faɗa da shi shi ne mai son kujerarmu wanda ba ya son ƙurar hanyarmu. In da gaske yake, ya tambayi na'urar garuruwa nawa ne babu rijiya mai kyau, lakkwal nawa ce ke karatu cikin runfar kara. Sa'an nan ya zo da ƙafarsa ya ji daga bakinmu.

Ka sani kuma doka tana bayanka. Tun 2017 Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutum, aka sabunta ta a 2022. Akwai hukumar da ke kula da wannan a Yamai, sunanta HAPDP. Kana da ikon sanin dalilin da ya sa ake rubuta ka. Ga abin da nake roƙonka:

1. Duk wanda ya zo rubuta suna, tambaye shi: wa ya aiko ka, don me, ina littafin za ya? Maigari ya san da zuwanka?
2. Kada ka dangwala yatsa ko ka sa hannu bisa takardar da ba ka karanta ba.
3. Katin zaɓenka da na ɗan ƙasa su zauna wurinka. Kada ka bar baƙo ya ɗauki hotonsu don zane ko sabulu.
4. In ka ji murya cikin waya tana zuga ka kan ɗan'uwanka, kada ka tura ta gaba. Je ka tambayi mai muryar ido da ido.

Kada kuma tsoro ya kama ka. Duk da majigin nan na 2015, Buhari ne ya ci zaɓe. Na'ura tana iya ƙiyasi, amma ba ta shiga bayan labule tare da kai. In wani ya ce maka "na'urarmu za ta nuna wanda ka zaɓa", ƙarya yake, so yake ya tsorata ka.

Wata shida inna ta yi tana fama da alli kafin ta iya rubuta sunanta. Shi ya sa ta san darajarsa. Kai ma ka sha wannan wahala. Gobe da marece, in Allah ya kai mu, ka zo runfa da wanda bai fara ba tukuna.