Martani Ga Mai Cewa Kokowa Ba Ta Da Tarihi

Malamin da ya wallafa cewa kokowa ba ta da tarihi, hujjarsa wai ba a yi mata fim irin wanda Ken Burns ya yi wa wasan besbol na Amurka a 1994 ba, haƙiƙa ya jahilci al'amarin. Da zai zauna bayan La'asar a Kasuwar Assihar ta Tamanrasset, inda fataken Tawa da Maraɗi kan yi cincirindo kan waya guda suna bitar tsofaffin hotunan gasar kokowa ta takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975, da ya ji isnadin kowane kaye, tun daga na ɗan kokowa Kantu har na Isaka Isaka, ana muhawara a kansa tamkar mas'alar fiƙihu. Gafarta Malam, ka taɓa zama da su kuwa?