Ra'ayinmu: Ikon Addu'a Ba Na Sayarwa Ba Ne

Daga Sabon Gari zuwa Palladan har Samaru, da wuya a sami unguwar Kirista da ba a yin addu'ar dare a cikinta. Wannan abin godiya ne ga Ubangiji, musamman a irin wannan zamani. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, kuɗin abinci, da na makaranta, da na magani suka fi ƙarfin iyalai da yawa, kuma mai bi ba shi da mafakar da ta wuce gaban Ubansa na sama.

Amma akwai wani abin da ya shigo cikinmu wanda bai kamata mu yi shiru a kansa ba. Wasu gidajen addu'a sun sa wa addu'a farashi. Akwai kuɗin ganin mai addu'a, akwai na kwalbar mai, akwai na "shuka iri". Mafi muni, akan ce wa mai hawan jini ko ciwon sukari ya zubar da maganinsa, wai shan magani rashin bangaskiya ne. In ciwo ya tsananta, sai a ce laifinsa ne. To, ina Littafi Mai Tsarki ya ce ikon addu'a yake?

Mu fara da Dutsen Karmel (1 Sarakuna 18). Annabawan Ba'al 450 sun yini suna ihu, suna tsalle, suna tsaga jikinsu, amma ko tartsatsi bai sauko ba. Addu'ar Iliya kuwa ayoyi biyu ce kacal, wuta ta sauko ta cinye hadaya har da ruwan da aka zuba. Hannatu ma a Shilo leɓunanta kaɗai ke motsi, har Eli firist ya zaci ta sha ta bugu, amma daga wannan addu'a aka haifi Sama'ila. Ashe ƙarfin lasifika da tsawon dare ba su ƙara wa addu'a kome. Ikon yana wurin Allah mai ji. Manzo Yakubu ya tuna mana cewa Iliya ɗan adam ne kamarmu, wato ƙofar da ya shiga a buɗe take ga gwauruwar da ke sayar da ƙosai a bakin titi, ba sai ta bi ta hannun wani ba.

Tun da ikon na Allah ne, ba wanda ya isa ya sayar da shi. Da Na'aman ya warke daga kuturta, ya kawo azurfa da zinariya da tufafi, Elisha ya ƙi karɓar ko ɗaya. Baransa Gehazi ya bi ta bayan gida ya karɓa, kuturtar ta koma kansa (2 Sarakuna 5). Saminu mai sihiri ya miƙa wa manzanni kuɗi domin ya sami ikon Ruhu Mai Tsarki, Bitrus ya tsauta masa da kakkausar murya (Ayyukan Manzanni 8). Wani zai ce, ai Yakubu 5 ya yi maganar shafa mai. Gaskiya ne, amma cewa ya yi marar lafiya ya kira dattawan ikkilisiyarsa su zo su yi masa addu'a, bai ambaci ko sisin kwabo ba.

Haka kuma addu'a ba ta gaba da magani. Sarki Hezekiya ya juya fuskarsa ga bango ya yi kuka, Allah ya ƙara masa shekara 15, duk da haka annabi Ishaya ya sa aka ɗora masa curin ɓaure a kan marurun (2 Sarakuna 20). Luka da ya rubuta mana Bishara likita ne. Wanda ya durƙusa da asuba, sa'an nan ya kama hanyar asibitin Shika ko na Wusasa, bai rage kome daga bangaskiyarsa ba.

Darasi mafi wuya shi ne, Allah ba ya amsawa kullum yadda muka so. A cikin Ayyukan Manzanni 12, mala'ika ya fitar da Bitrus daga kurkuku yayin da ikkilisiya ke addu'a, amma a farkon wannan sura ɗin Hirudus ya kashe Yakubu ɗan'uwan Yahaya da takobi. Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, aka bar masa ita, aka ba shi alherin jimrewa. Ubangijinmu Yesu kansa a Getsamani ya roƙa ƙoƙon wahala ya wuce shi, ya kuma miƙa kai ga nufin Uba. Wa zai ce waɗannan ba su da bangaskiya?

Tarihinmu a nan ƙasar Zazzau ya shaida haka. Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS ya zauna a birnin Zariya daga 1905. Wajen 1913 wasu daga cikin Isawa suka neme shi, suka karɓi bishara, aka kafa ƙauyen masu bi a Gimi. Ba a daɗe ba ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke kawowa, ya faɗa musu ya kashe da yawa, har zaman ya watse. Babu shakka sun yi addu'a da hawaye, amma suka binne 'yan'uwansu. Waɗanda suka tsira ba su juya baya ba, suna cikin tushen jama'ar da ta kafu a Wusasa daga 1929, inda majami'a da makaranta da asibiti suka tsaya kafaɗa da kafaɗa. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Makarantar Wusasa ce ta yaye Farfesa Ishaya Audu, likitan yara, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, da Janar Yakubu Gowon, wanda ya kafa ƙungiyar yi wa Nijeriya addu'a a 1996. Mutanen Gimi ba su ga wannan amsa da idonsu ba, mu ne muke cin moriyarta.

Saboda haka muna kira ga fastoci da dattawa su koyar da waɗannan surori a fili, su kuma riƙa ziyartar marasa lafiya a gidajensu, domin tunkiyar da makiyayi ya manta da ita ce ke faɗawa hannun kura. Zumuntar Mata da ƙungiyoyin matasa su haɗa addu'a da gudummawa, in an gama roƙo domin ɗan'uwa, a tara masa kuɗin magani. Shugabannin CAN na yankinmu su ja kunnen duk mai cinikin addu'a da sunan Kristi.

Kai kuma ɗan'uwa, ke kuma 'yar'uwa, kada kowa ya ce muku talauci ya hana addu'arku isa sama. Yesu ya riga ya biya kuɗin shiga da jininsa. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Ubangiji ya koya mana yin addu'a. Amin.