Harafi daban, bayit daban

Duk mai rubuta manhajar da ya ɗauka harafi ɗaya bayit ɗaya ne, da mudun wasu yake yi mana awo. A tsarin UTF-8, "k" bayit 1 take ci, amma "ƙ", "ɗ" da "ɓ" kowacce bayit 2. Kalmar "ƙanƙara" haruffa 7 gare ta, nauyinta kuwa bayit 9, don haka gurbin da aka yanka wa bayit 8 sai ya datse mata wutsiya. Ko saƙon tes, "ƙ" ɗaya tak na rage shi daga haruffa 160 zuwa 70. Wasu za su ce a bar lanƙwasar mana, ai kowa zai gane. Ban yarda ba: "kafa" da "ƙafa" ba abu ɗaya ba ne. Mudun ne bai cika ba, masu manhaja su gyara shi.